Na busa fanareti a makare, yanzu ana neman a sake wasan: ina laifina yake?

Rafalin Mabera:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ya sanyi, ya ƙura? Yau kwana huɗu wani abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, har uwargida ta ce in dai juyi zan kwana yi a kan katifa, gara in ɗauki bargona in koma falo. Shi ya sa na ce bari in baje shi a nan, ko a samu wanda ya fi ni sanin doka.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wata babbar makaranta nan cikin Sakkwato, ku yi haƙuri ba zan ambaci sunanta ba. Alƙalancin ƙwallo ba da shi nake ci ba. Kwas ɗin ƙaramin mataki na yi shekarun baya, tun daga nan duk shekara ni ake kira in busa gasar da ɗalibai ke yi tsakanin sassa. Shekara tara ke nan. Ladan aikin bai wuce kuɗin man babur da lemo kwalba ɗaya ba, sai zagi da ake ƙara maka a matsayin gyara.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi wasan kusa da na ƙarshe, masu jar riga da masu shuɗiya. Mun take bayan la'asar, minti 35 kowane rabi don kada magariba ta riske mu a fili. Duk wanda ya fita ranar ya san irin hazon da aka yi. Layin da'irar gola kuma da toka aka zuba shi tun da hantsi, kafin yamma iska ta share fiye da rabinsa, sai ɗigo-ɗigo kamar sawun kaza.

Ana ɗaya da ɗaya, saura minti uku a tashi, aka ɗago wa lamba 9 na ja ƙwallo ta saman 'yan baya. Yaron siriri ne, amma akwai gudu. Ya wuce kowa, sai lamba 4 na shuɗi da ke bayansa da taku ɗaya. Da ya ga ba zai cim masa ba, sai ya cafki rigarsa ta baya. Wallahi na gani da idona, rigar ta miƙe kamar an shanya ta a igiya, har singiletin da ke ciki ta fito. Kamun ya fara ne kamar taku biyu kafin da'ira, kuma bai saki ba sai da suka shiga ciki.

Usur yana bakina, amma ban hura ba, don a ganina yaron zai fizge ya ci. Sai ya yi tangaɗi, ya tsokani ƙwallon da kan yatsa yana faɗuwa, ta gangara a hankali har hannun gola kamar saƙo aka aiko masa. Gola ya rungume ta ya kwanta a kai. 'Yan kallon shuɗi suka ɓarke da shewa. A lokacin ne na busa, na nuna tabon fanareti.

Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba. Ledojin fiya wata kamar ruwan Agusta. "Nawa aka ba ka?" "An saye shi!" Wani ma silifa ya jefo, ƙafa ɗaya, ta same ni a kafaɗa. Sai da aka yi minti shida kafin fili ya natsu. Na ɗaga wa lamba 4 katin gargaɗi, aka buga, ta shiga, aka tashi biyu da ɗaya ana kiran salla.

Yanzu 'yan shuɗi sun kai takardar koke gaban kwamitin wasanni, suna so a soke sakamakon a sake wasa. Hujjarsu ita ce na bari sai da na ga ƙwallo ba ta shiga ba sannan na busa, wato na ba ja dama biyu a kan laifi ɗaya. Kwamiti ya ce in kawo rahotona a rubuce ranar Alhamis.

Da na ba ɗan yayata labari, wanda ke karatu a Amurka, sai ya yi dariya ya turo mini wani tsohon bidiyo ta WhatsApp, ya ce, "Kawu kwantar da hankalinka, akwai wanda ya fi ka makara, kuma shi kofin ƙasa guda ya juya." Ƙwallon jami'o'insu ce, irin wadda ake sa hular kwano. Na ga an jefa ƙwallo ta faɗi ƙasa, masu koriyar riga sun ruga cikin fili suna murna, har an fara wasan wuta a sama, can sai ga wani alƙali daga lungu ya wurgo ɗan ƙyalle ruwan ɗorawa, aka kori kowa aka ci gaba da wasa. Na kalla ya fi sau goma ban gane komai ba, sai dai fuskar alƙalin, ita kam na gane ta.

Tambayata biyu ce. Wanda ya san wannan wasa ya fassara mini abin da ya faru, da yadda suke yi da irin wannan makara. Masana dokar tamu kuma su gaya mini tsakaninsu da Allah, na yi kuskure ko ban yi ba? Ba lallashi nake nema ba.

Daktan Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya huci zuciyarka. Ɗan yayarka bai yi ƙarya ba. Na yi shekara huɗu ina karatu a Kolombus, garin da jami'ar Ohayo Sitet take, kuma har na baro su ba su gaji da labarin ƙyallen nan ba.

Sai ka fara sanin tsarin wasan, in ba haka ba bidiyon ba zai yi maka ma'ana ba. Ya fi kama da zari-ruga. Mutum 11 kowane ɓangare, tsawon fili yadi 100, yadi irin na tela, da gida mai yadi 10 a kowane ƙarshe. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su yunƙuri huɗu su ci yadi 10. In sun ci a sabunta musu huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. To abin da suke kira fanalti ba bugun daga kai sai gola ba ne, tara ce da ake biya da ƙasa. Ka motsa kafin a fara, a mayar da ku baya yadi 5. Ka riƙe mutum, yadi 10. Mugunta, yadi 15.

Wasan da ka gani shi ne Fiesta Bowl na ranar 3 ga Janairu 2003 a jihar Arizona, na fidda zakaran ƙasa tsakanin Mayami da Ohayo Sitet. Mayami ta zo da nasara 34 a jere. An shiga ƙarin lokaci, Mayami na gaba 24 da 17, Ohayo na kan yunƙurinta na huɗu, saura yadi 5 ta shiga gida. In wannan ya faɗi, wasa ya ƙare. Craig Krenzel ya jefa wa Chris Gamble, Glenn Sharpe na Mayami yana manne da shi, ƙwallo ta faɗi. Sai bayan 'yan daƙiƙu alƙali Terry Porter ya wurgo ƙyalle, ya ce Sharpe ya tare mai cafewa kafin ƙwallo ta iso, wanda laifi ne. Aka ajiye wa Ohayo ƙwallo saura yadi 2 da sabon yunƙuri huɗu. Suka farke, suka ƙarasa cinye wasan 31 da 24 a zagaye na biyu na ƙarin lokaci. Bayanin da Porter ya yi daga baya shi ne ya tsaya ya sake hasko abin a ransa don ya tabbatar. Ina jin kai ma haka za ka ce.

Ga inda nake ganin darasin yake, kuma ra'ayina ne kawai, ni ba alƙali ba ne. A wasansu ƙyallen ba ya tsayar da wasa a yawancin laifuffuka. Alƙali ya ga laifi, ya wurga nan take, wasa ya ci gaba har ya mutu da kansa. Sannan babban alƙali, mai farar hula, ya tambayi waɗanda aka zalunta: kuna son tarar ko kuna son abin da kuka samu? Suna da ikon cewa ba sa so. Ya kunna makirfo ya sanar wa duk filin laifin da lambar mai laifin. Wato abin da kai ka yi ƙoƙarin haɗawa kai kaɗai cikin daƙiƙa uku, su doka ta raba shi biyu: shaida tana fita a lokacin laifi, zaɓi ya zo daga baya. Dama biyu da 'yan shuɗi ke kuka a kai, can halal ce, a rubuce take. Shi ya sa abin Porter ya yi zafi. Duk amfanin ƙyallen shi ne ya faɗi kafin a san sakamako. In ya faɗi bayan an sani, ko gaskiya ce ba mai yarda.

Maganar fiya wata kuma, kada ka ɗauka mu kaɗai ne. Ranar 19 ga Oktoba 2024, Tekzas ta karɓi baƙuncin Jojiya a Ostin. Jahdae Barron na Tekzas ya cafe ƙwallon da aka jefa wa ɗan Jojiya, alƙalai suka ce ya yi irin laifin Sharpe. Ɗalibai suka dinga ruwan robobin ruwa cikin fili, har sai da kocinsu Steve Sarkisian ya taka da ƙafa ya je yana ba su baki. Ana cikin kwashe robobi alƙalai suka haɗa kai, suka janye hukuncin. Hukumar gasarsu ta SEC ta ci Tekzas tarar dala 250,000, Jojiya kuma ta cinye wasan 30 da 15. Amma kocin Jojiya Kirby Smart ya koka cewa an buɗe ƙofa, gobe duk wanda hukunci bai yi masa daɗi ba ya san abin da zai jefo. Kai dai ba ka janye ba, wannan kam na sara maka.

Ɗan Shuɗi Har Abada:

Malam barka da dare. Na gane ka tun daga layin farko, kuma kai ma za ka gane ni, ni ne na zo na riƙe golanmu lokacin da ya nufo ka. Ba rashin kunya na zo yi ba, kai babba ne, kuma a lab ba ka taɓa wulaƙanta ɗayanmu ba.

Amma Malam a faɗi gaskiya. Wane layi? Kai da bakinka ka ce iska ta share shi. Kana wajen da'irar tsakiya lokacin da aka ɗago ƙwallon, cikin hazon nan, ta yaya ka san sun shiga ciki? Mu a gefenmu mun ga an saki rigar tun a waje. Bugun tazara ne, ba wanda zai yi musu da an ba da shi. Mai tutar da ke wancan gefen kuma ɗan ajin su lamba 9 ne, kowa ya sani, ɗakinsu ɗaya a hostal. Bai ɗaga tuta ba sai da ya ji usur ɗinka, sannan ya fara kaɗa ta kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero.

Wata uku muna tashi bayan asuba muna tirenin cikin sanyin nan. Kuɗin riguna karo-karo muka yi, wasu daga kuɗin abincinsu. Lamba 4 da kuke magana tun Asabar bai shiga aji ba. Jifan da aka yi ba daidai ba ne, na yarda, kuma ba ni na jefo silifa ba. Amma Dakta da kansa ya ce a Amurka ma da aka yi jifa an gyara hukunci. Mu ba mu da kyamara, ba mu da VAR mai duba hukunci a bidiyo, to me ya rage mana ban da takarda? Da akwai bidiyo da yanzu magana ta ƙare.

Tsohon Rafali, Ƙofar Marke:

Salamu alaikum. Jikana ka rubuta mani, idanu sun yi rauni, in kun ga Hausar ta gauraye to tawa ta da tashi. Na busa wasa hilin Giginya tun ba a haihi wasunku ba, kuma har yau duk shekara sai na sa an karanta mani gyaran da IFAB, hukumar da ka tsara dokokin ƙwallo, tay yi ma doka.

Ɗana mai tambaya, ka ce ba ka son lallashi, to zamna.

Fanaretin daidai ta, in dai abin da kag gani ke nan. Doka ta 12 ta hwaɗi ƙarara: in an kama mutum waje aka ci gaba da riƙonai har cikin da'ira, fanareti na. Jinkirin ma ba haramun ba ne. Doka ta 5 ta ba ka 'yan daƙiƙu ka gani ko amfanin da kab bari zai samu. Yaron da aka ja har yah hwaɗi yana tsokanar ƙwallo da yatsa bai samu amfanin komi ba. Da ya kuɓuce, ya daidaita, ya buga da ƙarhinai ta tahi sama, wannan ya ci rabonai, ba ka komawa baya.

To amma mi ya hana ka nuna? Lotton da munka koyi aikin ga, abin da anka fara sa muna ga kai shi na hannu. Ka ga laihi, ka miƙa hannu gaba, ka ɗaga murya kowa shi ji ka gani. Shi na ƙyallenmu, Dakta, mu ma muna da namu, hannu da baki. Kai kuwa kay yi tsit kamar ba ka gani ba, sannan kaz zo da hukunci daga baya. Mutane ba su ganin zuciya.

Na biyu, wanga yaro na shuɗi ya hwaɗi gaskiya guda: ka yi nisa. Saura minti uku, ana kunnen doki, ƙwallo na zuwa sama, mi kaka yi tsakiyar hili? Kuma hilin da ba layi ba a take wasa cikinai. Kahin ka busa na hwarko, kai ad da ikon cewa a kawo toka a sake zubawa. Ba ka yi ba.

Na uku shi na babba, kuma ba wanda yat taɓo shi. Katin. Yaro ya wuce kowa, daga shi sai gola, an jawo rigarshi ta baya. Tun 2016 anka sassauta, anka ce in mai baya ya yi ƙoƙarin taɓa ƙwallo cikin da'ira yak kuskure, a ba da fanareti da katin gargaɗi. Amma ja da riƙo da turi ba su cikin sassaucin. Jan kati na. To in akwai inda kat taka doka ranar, nan na, kuma 'yan shuɗi sunka ci ribarshi.

Kai kuma ɗan shuɗi, jikana, ka yi hankali da takarda. Abin da alƙali yag gani cikin hili, doka ta ce ya zamna, ko ya gani daidai ko bai gani ba. Ba a sake wasa don an ce ciki na ko waje na. Inda aka sakewa daban. A 2016 alƙali Joseph Lamptey na Gana ya ba Afirka ta Kudu fanareti kan Sanagal, ƙwallo ga gwiwa tab bugi mutum ba hannu ba. FIFA ta bincika tag ga an yi maguɗi, ta kore shi har abada, anka sake wasan 2017, Sanagal ta ci 2 da 0. Kana da shedar an ba malaminku kuɗi? In babu, kar ka hwaɗi. Sai kuma in alƙali ya juya dokar kanta. A 2005 Uzbekistan ta ci Baharain 1 da 0 wasan neman zuwa kohin duniya. Cikin wasan sun ci fanareti, ɗan wasansu ya shiga da'ira da wuri, alƙali ɗan Japan maimakon shi ce a sake bugawa sai yab ba Baharain bugun tazara. Uzbekistan sunka kai ƙara suna son a ba su 3 da 0. FIFA ta ce a'a, a sake wasan dut. Anka sake anka yi 1 da 1, anka je Baharain anka yi canjaras ba ci, Uzbekistan tah hita. Da sun yi kurum da ɗayansu na hannu.

Mai Shayin Gawon Nama:

Baba Allah ya ƙara lafiya, yau na sha karatu kyauta. Ni dai tun ranar da Victor Ikpeba ya buga fanareti a Legas a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2000, ta daki ƙarfen sama ta faɗa bayan layi ta fito, alƙali ya ce ba ta shiga ba, Kamaru ta ɗauki kofi a gidanmu, na daina sa alƙalan ƙwallo a addu'a. A talabijin ɗin maƙwabcinmu muka kalla, da batirin mota. Shi kansa Ikpeba ɗora hannu ya yi a ka maimakon ya yi murna, ya taya alƙali. Malam Rafali ka biyo ta teburina gobe, shayi da ƙwai biyu a kaina, amma ka bar usur a gida.

Daktan Runjin Sambo:

Baba na gode, na karɓi gyara, ban taɓa kallon miƙa hannun a matsayin ƙyalle ba.

Ƙanena ɗan shuɗi, maganar da ka yi cewa da akwai bidiyo da magana ta ƙare ita ta dawo da ni. Akwai wani laifi a wasan jami'o'in Amurka da ni nake kira tunkuyi: ka sunkuyar da kai ka daki mutum da ƙoƙon hular kwano kamar rago, ko ka kai wa wanda ba ya iya kare kansa duka a kai ko wuya. Saboda raunin ƙwaƙwalwa aka tsananta shi. Tun 2013 hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, ta sa kora a kai, ban da tarar yadi 15, kuma a shekarun da nake can in a rabi na biyu aka kore ka, rabin farko na wasan gaba ma a benci za ka yi shi. Kowane ɗaya sai an duba shi a bidiyo, ta kusurwa da yawa, a hankali. Duk da haka ban san hukuncin da ake faɗa a kansa kamar shi ba.

Ranar 28 ga Disamba 2019 ina zaune a ɗakin wani abokina a Kolombus, dusar ƙanƙara ko babu sanyin ya fi na Sakkwato sau goma. Ohayo Sitet na gaba da Kilemsan 16 da 0. Shaun Wade na Ohayo ya kayar da Trevor Lawrence, mai jifan Kilemsan, hulunansu suka haɗu. Masu duba bidiyo suka ce tunkuyi ne, aka kori Wade. Kafin hutun rabin lokaci an koma 16 da 14, aka tashi Kilemsan na da 29, Ohayo 23. Mai masaukina yana rantsuwa Lawrence ne ya duƙo da kansa, wani baƙo a ɗakin yana cewa doka ba ta tambayi wa ya duƙa ba. Hoto ɗaya suke kallo, an tsayar da shi cak a gabansu.

Batun sake wasa kuma, su ma ba sa yi. A 1990 alƙalai suka ɓata lissafi suka ba Kolorado yunƙuri biyar maimakon huɗu a kan Mizuri, da na biyar ɗin ta ci 33 da 31. An dakatar da alƙalan, sakamako ya zauna, Kolorado ta ƙare shekarar da rabon kambun ƙasa. Wanda na sani da ya juya shi ne na 1940, Konel da Datmos, shi ma yunƙuri na biyar. Da aka wanke fim aka gani, alƙali Red Friesell ya amsa kuskurensa, Konel da kanta ta buga waya ta ce ta sallama, aka rubuta Datmos 3, Konel 0. Ba kwamiti ne ya ƙwace ba, masu nasarar ne suka mayar. In kana ganin 'yan ja za su yi haka, bismilla, je ka same su.

Rafalin Mabera:

Na gode muku duka. Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa ido haske. Na karanta naka sau uku, na ukun a tsaye.

Maganar kati, bari in faɗi abin da ban faɗa ba da farko. Ba mantuwa na yi ba. Jan katin yana aljihun wandona na baya, kuma sai da na kai hannu na taɓa shi. Na ɗaga kai na ga yadda 'yan kallo suka matso har kan layi, ba ɗan sanda ko ɗaya, masu gadi biyu ne da sanduna, babur ɗina kuma yana can bayansu. Sai hannun ya dawo aljihun gaba. Tsoro ne, ba wani abu ba. Shi ne ainihin abin da ke hana ni barci, na fake da maganar makara.

Ɗan shuɗi, na gane ka, kuma na gode da riƙe golan da ka yi. Na yi nisa, gaskiyarka. Mai tuta kuma ban san ɗakinsu ɗaya ba sai yanzu, kwamiti ne ya ba ni shi, zan sa a rahoto. Amma ban dogara da tutarsa ba. Akwai wani guntun layin da iska ta bari ta ɓangaren bishiyar dogonyaro, da shi na auna, kuma inda lamba 9 ya faɗi ya bar shaida a ƙasa taku uku a cikinsa. Har gobe a kan fanareti nake. Ka gaya wa lamba 4 ya shigo aji, muna da gwaji ranar Laraba, ba zan ɗaga masa ba.

Na gama rubuta rahoton ɗazu, shafi ɗaya da rabi. Na sa cewa ban nuna alamar barin wasa ya gudana ba, na take wasa a fili marar cikakken layi, kuma katin da ya dace ja ne na ba da na gargaɗi. Na roƙi a kawo masu tuta daga sassan da ba sa cikin wasa, a sayi farar ƙasa buhu ɗaya kafin wasan ƙarshe. Ko za su sake ba ni usur ɗin, wannan nasu ne.

Mai shayi, ina nan tafe bayan isha'i. Wanda kuma ya jefo silifa, ta ƙafar hagu ce, baƙa, lamba 43, an ɗinke maɗaurinta da waya. Tana cikin durowar teburina a lab, daga ƙarfe takwas zuwa huɗu.